DOKOKI GOMA A BANGON AJI: YADDA AMURKA TA YI TA FAMA DA BATUN ADDINI A MAKARANTUN GWAMNATI

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga aji a makarantar mishan ba zai yi mamaki ba idan ya ga gicciye a bisa allo, ko wata aya ta Littafi Mai Tsarki a rubuce a bango. Iyayen da suka kawo 'ya'yansu sun san irin makarantar da suka zaɓa, ikkilisiya ce kuma ta gina ta. Amma a ce makarantar ta gwamnati ce, an gina ta da harajin kowa da kowa, 'ya'yan Kirista da na Musulmi da na Bayahude da na wanda ba ya bin kowane addini suna zaune a benci ɗaya. Wane ne yake da ikon cewa ga abin da za a rataya a bango?

Wannan tambaya ta daɗe tana ta da ƙura a ƙasar Amurka. A ranar 19 ga Yuni 2024 gwamnan jihar Luwiziyana, Jeff Landry, ya sa hannu a kan wata doka da ta ce dole a manna Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, tun daga ajin ƙananan yara har jami'a. Kafin mako ya zagayo wasu iyalai tara suka kai ƙara kotu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, cikin waɗanda suka kai ƙarar har da fastoci. Me zai sa fasto ya ƙi a manna Dokoki Goma a ajin ɗansa? Domin mu gane wannan, sai mun koma baya mun ga inda zancen ya samo asali.

Asalin raba ikkilisiya da gwamnati

Mutane da yawa suna tsammani marasa addini ne suka ƙago zancen raba ikkilisiya da gwamnati. Tarihi bai nuna haka ba. Cikin waɗanda suka fara yin kira a kan wannan a Amurka akwai masu bi waɗanda suka sha wuya a hannun 'yan'uwansu Kirista masu riƙe da mulki.

A Ingila sarki shi ne shugaban ikkilisiyar ƙasa, wanda kuma ya ƙi bin tsarinta yakan gamu da tara ko kurkuku. Wannan ya sa wasu suka haye teku zuwa Amurka. Sai dai da suka isa suka sami iko, da yawansu suka yi wa waɗansu abin da aka yi musu. A shekarar 1635 hukumar Masacusets ta yanke wa wani mai wa'azi, Roger Williams, hukuncin kora saboda ra'ayoyinsa, ciki har da cewa hukuma ba ta da ikon hukunta mutum a kan abin da ke tsakaninsa da Allah. A 1636 ya kafa garin Providence, inda aka bar kowa ya yi sujada bisa ga lamirinsa. Williams ya kwatanta ikkilisiya da lambu, duniya kuwa da jeji, ya ce idan aka rushe shingen da ke tsakaninsu, lambun ne yake komawa jeji. Watau damuwarsa ita ce kada gwamnati ta ɓata ikkilisiya.

A Bajiniya kuwa ikkilisiyar Angalikan ce ta gwamnati, kowa yana biyan haraji domin albashin limamanta. Kafin samun 'yancin kai an sha kulle masu wa'azi 'yan Baftis a kurkuku don sun yi wa'azi ba da izinin hukuma ba. Bayan 'yancin kai aka kawo shawara a majalisa cewa a sa haraji domin biyan masu koyar da addinin Kirista, kowa ya zaɓi ɗarikar da za a ba kuɗinsa. James Madison ya rubuta takardar ƙin yarda a 1785. Cikin hujjojinsa ya ce hukumar da ta iya ɗaukaka addinin Kirista bisa sauran addinai yau, gobe tana iya ɗaukaka ɗarika ɗaya bisa sauran ɗarikun Kirista. 'Yan Baftis da wasu ɗariku suka goyi bayan wannan ra'ayi, shawarar harajin ta faɗi. A 1786 majalisar Bajiniya ta zartar da dokar 'yancin addini wadda Thomas Jefferson ya tsara.

A 1791 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na farko. Farkon wannan gyara ya ƙunshi abu biyu. Na ɗaya, majalisar tarayya ba za ta yi dokar kafa wani addini ba. Na biyu, ba za ta hana kowa yin addininsa ba. A ranar 1 ga Janairu 1802 Jefferson, yana shugaban ƙasa, ya rubuta wasiƙa zuwa ga ƙungiyar 'yan Baftis ta garin Danbury, ya ce wannan gyara ya gina katanga tsakanin ikkilisiya da gwamnati. Daga wannan wasiƙa ce kalmar katanga ta shahara. Ba ta cikin tsarin mulkin kansa, masu jayayya kuwa sukan tuna wa juna wannan.

Da farko gyaran gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure. Jihar Masacusets ta ci gaba da tallafa wa ikkilisiya da haraji har 1833. Sai a 1947, a shari'ar Everson, Kotun Ƙoli ta ce hanin kafa addini ya hau kan jihohi ma. Tun da yake jihohi da ƙananan hukumomi ne suke tafiyar da makarantun gwamnati, daga nan ne shari'o'in makarantu suka fara yawa.

Rikicin Filadelfiya

Kafin zamanin waɗannan shari'o'i, makarantun gwamnati da yawa suna buɗe aiki da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Galibin jama'a 'yan Furotesta ne, saboda haka fassarar Sarki James ake karantawa. Da 'yan Katolika suka yi ta shigowa daga ƙasar Ailan, sai matsala ta taso. Bishop na Filadelfiya, Francis Kenrick, ya roƙi hukumar makarantu ta bar 'ya'yan Katolika su karanta tasu fassarar, kada kuma a tilasta musu ibadar Furotesta. Jita-jita ta bazu cewa 'yan Katolika suna so a fitar da Littafi Mai Tsarki daga makarantu. A watan Mayu da na Yuli 1844 tarzoma ta ɓarke, mutane da dama suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u biyu na Katolika.

Ya kamata mu lura cewa duka ɓangarorin biyu Kirista ne, littafi ɗaya suke girmamawa. Abin da ya raba su shi ne wace fassara hukuma za ta zaɓa. Wannan irin damuwa tana cikin dalilan da suka sa 'yan Katolika a Amurka suka gina makarantunsu na kansu masu yawa.

Addu'a da karatun safe

A jihar Niyu Yok hukumar ilimi ta rubuta wata gajeriyar addu'a mai kalmomi 22, ta ba da shawara a riƙa karanta ta kowace safiya. An tsara ta yadda ba za ta ambaci wata ɗarika ba, yaron da ba ya so kuma yana iya yin shiru ko ya fita. Duk da haka a 1962, a shari'ar Engel, Kotun Ƙoli ta soke ta da ƙuri'a 6 da 1. Alƙali Hugo Black, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce rubuta wa jama'a addu'a ba aikin gwamnati ba ne, haɗa gwamnati da addini kuma yakan lalata gwamnati ya zubar da darajar addini.

A 1963 aka yanke shari'ar Schempp. Dokar jihar Fensilbaniya ta ce a karanta aƙalla ayoyi goma na Littafi Mai Tsarki kowace safiya. Kotu ta soke ta da ƙuri'a 8 da 1. Amma a cikin hukuncin nan kotu ta faɗi wani abu da mutane sukan manta. Ta ce ilimin mutum bai cika ba idan bai san tarihin addini ba, kuma ana iya nazarin Littafi Mai Tsarki a makaranta a matsayin adabi da tarihi. Abin da aka hana shi ne makaranta ta shirya wa yara ibada.

Me ya sa kotu ta fi tsanantawa a kan makaranta? Dalili na farko, doka ce ta sa yaro zuwa makaranta, ba ya iya tashi ya tafi yadda babba zai bar taron da bai gamshe shi ba. Na biyu, yaro yana ɗaukar maganar malami da abin da ke bangon aji a matsayin gaskiyar da hukuma ta tabbatar. Na uku, kowane ɗalibi ya san nauyin fita daga aji shi kaɗai idanun 'yan ajinsu suna kansa. Izinin fita yana nan a takarda, amma yaro ɗan shekara takwas da wuya ya yi amfani da shi.

A 1971, a shari'ar Lemon, kotu ta kafa ma'auni mai tambayoyi uku. Shin dokar tana da manufa wadda ba ta addini ba? Shin babban sakamakonta shi ne ɗaukaka addini ko danne shi? Shin tana cusa gwamnati cikin harkar addini fiye da kima? Dokar da ta faɗi a ko ɗaya daga cikin ukun, ta faɗi ke nan.

Shari'ar Kentaki ta 1980

A 1978 jihar Kentaki ta yi doka cewa a manna Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, a takarda mai faɗin inci 16 da tsawon inci 20. 'Yan majalisa sun san za a kai su kotu, saboda haka suka yi dabara biyu. Kuɗin bugawa daga gudummawar jama'a zai fito. A ƙasan takardar kuma za a rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa Dokoki Goma su ne tushen dokokin ƙasashen Yamma da na Amurka.

A ranar 17 ga Nuwamba 1980, a shari'ar Stone da Graham, Kotun Ƙoli ta soke dokar da ƙuri'a 5 da 4. Hujjarta ita ce Dokoki Goma nassi ne mai tsarki ga Yahudawa da Kirista, ɗan rubutu a ƙasan takarda ba zai canza wannan ba. Gaskiya ne akwai hanin kisa da sata da shaidar zur, waɗanda kowace ƙasa take da irinsu a dokokinta. Amma kashi na farko ya shafi bauta wa Allah shi kaɗai, da guje wa gumaka, da girmama sunan Allah, da kiyaye ranar Asabar. Kotu ta ce idan takardar za ta yi wani aiki a bango, aikin shi ne ta sa yara su karanta, su yi tunani a kai, wataƙila su girmama su kuma yi biyayya. Wannan abu ne mai kyau a ibadar mutum ta kansa, amma ba manufa ce da aka yarda gwamnati ta bi ba. Alƙali William Rehnquist bai yarda ba. A ganinsa ba wanda zai musa tasirin Dokoki Goma a kan dokokin Yamma, kuma bai kamata kotu ta yi watsi da manufar da majalisar jiha ta bayyana ba.

Abin da ya rage a hannun ɗalibi

Kada mai karatu ya ɗauka an kori addini daga makarantun Amurka. Dokar ta bambanta tsakanin maganar gwamnati da maganar ɗalibi. Ɗalibi yana iya zuwa da Littafi Mai Tsarki ko Alƙur'ani, ya karanta a lokacin hutu, ya yi addu'a kafin ya ci abinci ko kafin jarrabawa, ya yi wa abokinsa zancen bangaskiyarsa muddin bai dami aji ba. A 1984 majalisar tarayya ta yi doka cewa makarantar sakandare da ta bar ɗalibai suka kafa ƙungiyoyin da ba na darasi ba, ba za ta hana ƙungiyar addini ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan doka a 1990, a shari'ar Mergens, inda wata ɗaliba ta nemi kafa ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki aka hana ta.

A ɗaya gefen, a 1992 kotu ta hana makaranta ta gayyaci limami ya yi addu'a a bikin yaye ɗalibai. A wannan shari'a malamin Yahudawa ne aka gayyata. A 2000 kuma ta hana addu'a ta lasifikar makaranta kafin wasan ƙwallo. Ƙa'idar dai ɗaya ce: abin da ɗalibi ya yi da kansa nasa ne, abin da makaranta ta shirya na gwamnati ne.

Hukunci biyu a rana ɗaya

A wajen makaranta al'amarin ya fi rikitarwa. A 1984 kotu ta yarda wani gari ya nuna siffar jariri Yesu a komin dabbobi lokacin Kirsimati, domin an haɗa ta da wasu kayan ado na bikin. A 1989 ta hana irin wannan siffa da aka ajiye ita kaɗai a matakalar wata kotu a Pittsburgh, amma ta yarda da alkukin Yahudawa da aka kafa kusa da itacen Kirsimati.

A ranar 27 ga Yuni 2005 kotu ta yanke shari'a biyu a kan Dokoki Goma. Ta ce a cire waɗanda aka rataya a kotunan wasu ƙananan hukumomi biyu na Kentaki, domin tarihin yadda aka rataya su ya nuna manufar addini ce. A rana ɗaya ta yarda a bar wani dutse mai ɗauke da Dokoki Goma a harabar majalisar Teksas. Wata ƙungiya ce ta ba da shi kyauta a 1961, yana tsaye cikin wasu duwatsun tunawa masu yawa, ya kuma yi shekara 40 ba wanda ya kai ƙara. Duka biyun ƙuri'a 5 da 4 ne, Alƙali Stephen Breyer ne ya sauya gefe. Shi ma ya lura cewa harabar majalisa dabam take da aji, inda yara suke zaune kullum a gaban abin da aka manna.

Iska ta juya

Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, shugaban ƙasa yake naɗa su, ba su da wa'adin sauka. Idan alƙalai suka canza, fahimtar doka takan canza. A 2019 kotu ta yarda a bar wani babban gicciye mai tsawon ƙafa 40 a garin Bladensburg, wanda aka kammala a 1925 domin tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ranar 27 ga Yuni 2022 kuma, da ƙuri'a 6 da 3, ta ba Joseph Kennedy gaskiya. Shi ya taɓa zama mai horar da 'yan wasan wata makarantar gwamnati a Bremerton, wanda yakan durƙusa ya yi addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Mafi rinjayen alƙalai suka ce addu'arsa ce ta kansa. Marasa rinjaye suka ce 'yan wasa suna iya jin dole su bi shi domin shi ne mai zaɓen wanda zai buga. A wannan hukunci kotu ta ajiye ma'aunin Lemon, ta ce daga yanzu tarihi da al'adar ƙasa za a duba.

Wannan ne ya buɗe ƙofa. Tun da hukuncin 1980 a kan ma'aunin Lemon ya dogara, wasu jihohi suka ga lokaci ya yi da za a sake gwadawa. Dokar Luwiziyana ta 2024 ta ce takardar ta kai aƙalla inci 11 da 14, da manyan baƙaƙe masu sauƙin karantawa, tare da bayanin cewa Dokoki Goma sun daɗe cikin littattafan karatu na makarantun Amurka. A Nuwamba 2024 alƙalin tarayya John deGravelles ya dakatar da dokar. A Yuni 2025 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara suka goyi bayansa, a Oktoba 2025 kuma kotun ta yarda dukan alƙalanta su sake zama a kan shari'ar. A shekarar 2025 ɗin jihohin Akansas da Teksas suka yi irin wannan doka, nan ma iyaye suka tafi kotu. A tsarin Amurka, Kotun Ƙoli ce kaɗai take da ikon soke hukuncin da ita ta yanke.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan mannawa suna cewa Dokoki Goma ɓangare ne na tarihin ƙasar, kuma yara sun yi shekaru da yawa suna koyon su a makaranta ba tare da an ce an kafa addinin gwamnati ba. Suna cewa takarda a bango ba ta tilasta wa kowa ya yi sujada, wanda ba ya so ya kawar da kai. Suna kuma ganin cewa makarantar da aka share ta daga duk wata alamar addini ita ma tana koyar da wani abu, watau cewa Allah ba shi da wuri a cikin ilimi. Ga iyayen da suke ganin tarbiyya tana lalacewa, wannan damuwa ce ta gaske.

Masu ƙin yarda suna da tasu hujja, ita ce kuma ta kai fastoci kotu. Dokoki Goma suna wuri biyu a Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 20 da Maimaitawar Shari'a sura 5, kalmomin kuma ba daidai suke ba a ko'ina. Yadda ake ƙirga su ma ya bambanta. Yahudawa suna ɗaukar maganar fitar da Isra'ila daga Masar a matsayin ta farko. 'Yan Katolika da 'yan Lutheran suna haɗa hanin waɗansu alloli da hanin gumaka wuri ɗaya, su raba hanin ƙyashi gida biyu. Yawancin sauran 'yan Furotesta suna raba na farkon su haɗa na ƙarshen. Dokar Luwiziyana ta rubuta kalmomin da za a manna, da Turanci irin na fassarar Sarki James, an kuma taƙaita su. Ke nan 'yan majalisa ne suka zauna suka zaɓi yadda nassi zai kasance. Iyayen suka ce koyar da yaro Maganar Allah hakkin gida ne da majami'a. Suka kuma yi tambaya game da yaron da iyayensa 'yan Hindu ne, wanda kullum zai ɗaga kai ya ga hukuma ta rubuta masa cewa ibadar gidansu kuskure ce.

Akwai wata hujja da ta shafi masu bi kai tsaye. Domin doka ta tsira a kotu, dole lauyoyin gwamnati su ce Dokoki Goma kayan tarihi ne kawai. Mai bi kuwa ya san sun fi haka. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ikkilisiyar da ta karɓi bangon gwamnati za ta karɓi sharuɗɗan gwamnati tare da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba kowace ƙasa ce ta bi hanyar Amurka ba. A Ingila dokar ilimi ta 1944 ta wajabta sujadar haɗin gwiwa kowace rana a makarantun gwamnati, tare da ba iyaye izinin cire 'ya'yansu. Faransa ta raba ikkilisiya da gwamnati a 1905, a 2004 kuma ta hana ɗalibai a makarantun gwamnati sa alamun addini da suka fito fili, kamar hijabi, da hular Yahudawa, da babban gicciye. A Jamus kotun tsarin mulki ta soke ƙa'idar jihar Bavariya ta rataya gicciye a kowane aji a 1995, sai jihar ta yi sabuwar doka da ta bar gicciyen amma ta ba iyaye hanyar kawo ƙorafi. A Italiya wata uwa ta kai ƙara a kan gicciyen aji har kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai. Ta yi nasara a 2009, amma a 2011 babban zauren kotun ya juya hukuncin da ƙuri'a 15 da 2. Kowace ƙasa tarihinta ne ya ba ta amsa.

A nan gida Nijeriya, sashi na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashi na 38 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko halartar ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Ya kuma ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. Mu dai ana koyar da darasin addinin Kirista da na Musulunci a makarantun gwamnati, saboda haka tsarinmu dabam yake da na Amurka. Amma tambayoyin sun zo mana. Tun da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da yawa a shekarun 1970, ake ta jayayya a kan ko makarantar ta wace ce. A Fabrairu 2021 gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilorin na ɗan lokaci saboda rikicin hijabi a makarantun da mishan ta kafa gwamnati kuma take tallafa wa. A Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ɗalibi zai iya riƙe tambayoyi uku da za su taimake shi duk lokacin da irin wannan gardama ta tashi. Ta farko, makarantar ta wace ce, wa kuma yake biyan kuɗinta? Ta biyu, wa yake magana, hukuma ce ko ɗalibi? Ta uku, da a ce ni ne marar rinjaye a wannan aji, zan yarda da wannan doka? Tambaya ta ukun ita ce ta fi wuya, gama wanda yake da rinjaye a garinsu yana iya zama shi kaɗai a wani gari, kamar yadda duk wanda ya yi bautar ƙasa nesa da gida ya sani. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga iyaye da malamai da shugabannin ikkilisiya kuma, ko kotu ta yarda a manna ko ta hana, aikin bai sauka daga kanmu ba. Yaro yana koyon gaskiya da riƙon amana da girmama na gaba daga abin da yake gani a gida da aji kowace rana. Ku kuma ɗalibai masu fita a wannan shekara, da yawanku za ku shiga jami'o'i da ma'aikatu inda za ku zauna da mutanen da ba addininku ɗaya ba, wasunku ma za su zama shugabannin makarantu, ko alƙalai, ko 'yan majalisa. Ranar da ikon zaɓen abin da za a rataya a bango ya zo hannunku, ku tuna da yaron da ke zaune a bencin baya wanda ba shi da kowa a ajin. Allah ya ba mu hikima da zaman lafiya, amin.